Wanda Ya Dawo Da Wanda Bai Dawo Ba: Mu Koyi Cewa "Ban Sani Ba"

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa kafin a fara jifa.

Akwai wata gardama da ta kama matasan ikilisiyoyinmu, daga nan Kamazou, Janruwa, Ungwan Boro har zuwa Sabon Tasha. Wasu sun ce tun kafin a kafa duniya Allah ya riga ya zaɓi waɗanda zai ceta, ya kuma ƙaddara duk abin da zai faru, babba da ƙarami, ba mai ƙarawa ba mai ragewa. Wasu sun ce a'a, Allah ya buɗe ƙofa ga kowa, ya bar wa mutum zaɓi ya shiga ko ya ƙi, abin da ya same shi kuma da hannunsa a ciki. Kowane ɓangare da ayoyinsa a baki. Wannan ya jawo Afisawa 1 da Romawa 9, wancan ya mayar masa da Yahaya 3 da 1 Timoti 2. A tashi daga nazarin Littafi, a ci gaba a bakin ƙofar majami'a, a ƙarasa a waya da tsakar dare.

Da a nan abin ya tsaya, da ban ce uffan ba. Ai matashin da ke musu a kan wasiƙar Romawa ya fi wanda ke musu a kan cacar ƙwallo. Abin da ya dame ni shi ne, gardamar ta fita daga aji ta shiga gidajen makoki. Yanzu a wurin gaisuwar mutuwa ake gwada wanda ya fi iya tauhidi, uwar mamaci tana zaune a tabarma tana ji.

Mu kuwa mutanen ƙaramar hukumar Chikun, maganar ƙaddara ba wasan kwakwalwa ba ce a wurinmu. Bari in tuna muku.

Ranar 8 ga Janairu 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku suka dawo. Ɗaya, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Ranar 20 ga Afrilu 2021 aka kwashe ɗaliban jami'ar Greenfield a kan hanyar Abuja. Aka kashe biyar, sauran suka koma gida a ƙarshen watan Mayu. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka shiga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, nan kusa da mu a kan hanyar Kachia, aka tafi da yara 121. An yi ta sako su kashi kashi, 28 a ranar 25 ga Yuli, wasu daga baya, na ƙarshe bai taka ƙofar gidansu ba sai a watan Nuwamba 2023. Ranar 25 ga Yuni 2022 aka harbe Fada Vitus Borogo a gonar gidan yari da ke Kujama.

To ga tambayar da ke hana iyaye barci. Huɗu aka ɗauka a Kakau, duka huɗun an yi musu addu'a, a ikilisiya ɗaya, da hawaye iri ɗaya. Me ya sa uku suka dawo, ɗaya bai dawo ba? Uwar da ɗanta ya fito a kashin farko da uwar da ta jira fiye da shekara biyu, wace ce ta fi wata azumi?

Amsoshi uku nake yawan ji, kuma duka ukun ciwo ɗaya ke damunsu.

Na farko shi ne mai cewa, "Allah ya riga ya rubuta, kwanansa ne ya ƙare, ki daina kuka." Yana faɗa kamar shi aka ba littafin ya karanta.

Na biyu shi ne mai cewa, "Da akwai bangaskiya da hakan bai faru ba." Wannan ba kullum yake faɗa kai tsaye ba. A wurin shaida ake jin sa. Mutum ya karɓi makirufo ya ce ɗansa ya kuɓuta domin shi ba ya wasa da zakka, ba ya fashin addu'ar dare, ya shuka iri a bagade. Jama'a su yi tafi. A kujera ta uku kuwa ga wata baiwar Allah da ba ta taɓa fashin zakka ba, ta binne nata ɗan. Me ka gaya mata ke nan?

Na uku shi ne mai tono. Ya ce akwai wani zunubi a gidan, ko la'anar kakanni, ko hannun wata tsohuwa a ƙauye. Gidaje nawa irin wannan magana ta raba? Tsofaffi nawa aka wulaƙanta a kanta?

Ku duba da kyau. Na farko ya jingina da ikon Allah, na biyu da na uku sun jingina da aikin mutum, kamar dai ɓangarori biyu na gardamar matasanmu. Amma duka sun haɗu a wuri ɗaya: kowannensu ya ce ya SANI. Ya san dalilin da ya sa wannan ya mutu wancan ya rayu. Ni kuwa abin da na zo faɗa shi ne, wannan sanin ba a ba mu shi ba, kuma Kirista ya ce "ban sani ba" a nan, biyayya ce ya yi.

Mu buɗe Littafi Mai Tsarki. Tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa, ba sai wani ya fassara mana ba.

Je ka Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya, ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus ma, da niyyar yi masa haka. Da dare mala'ika ya zo, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe, Bitrus ya fita. Manzanni biyu, sarki ɗaya, gari ɗaya, sura ɗaya. Dukansu suna cikin ukun nan da suka fi kusa da Yesu. Aka yanka ɗaya, aka aiko wa ɗaya mala'ika. Luka da ya rubuta labarin bai ƙara ko layi ɗaya ya bayyana dalili ba. Bai ce Bitrus ya fi bangaskiya ba. Masu yi masa addu'ar ma da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba su yarda shi ba ne, sai da suka ce wa yarinyar da ta kawo labari ta haukace. In Luka bai yi bayani ba, kai wane ne da za ka yi a Kakau?

Je ka Ibraniyawa 11, surar jaruman bangaskiya. Ana lissafa waɗanda suka tsira daga bakin zaki da kaifin takobi, sai ba tare da an ja numfashi ba a shiga lissafa waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi. Duka biyun an shaide su da bangaskiya iri ɗaya.

Je ka Luka 13. Aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi ne, ya amsa da kansa cewa a'a, ya juya maganar kan masu tambayar, su tuba. Bai ba su dalilin faɗuwar hasumiyar ba.

Sai babban misali, Ayuba. Abokansa uku sun zo ta'aziyya, suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce komai. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi a littafin gaba ɗaya. Da suka buɗe baki suka fara bayani, nan suka ɓata. A ƙarshe Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Shi kansa Ayuba, Allah ya yi masa magana sura huɗu, amma bai taɓa gaya masa abin da ya faru a sama a sura ta ɗaya da ta biyu ba. Ya ga Allah, bai ga dalili ba, kuma hakan ya ishe shi.

Ko manzo Bulus da masu gardama ke ta jan rigarsa, ku duba yadda ya rufe maganar. Ya ɗauki sura uku, Romawa 9 zuwa 11, yana fama da zancen zaɓe. Ya fara da baƙin ciki saboda 'yan'uwansa Yahudawa, ya bi ta tsakiya yana cewa dole a aiki masu wa'azi domin mutane su ji, ya ƙare da mamakin zurfin hikimar Allah da yadda hanyoyinsa suka fi ƙarfin bincike. Mutumin da ya rubuta Romawa 9 da hawaye ya fara, da sujada ya gama. Mu kuma mun ɗauki surar mun mai da ita gora.

Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba mana aikin gida biyu. Akwai abubuwan da ke ɓoye, waɗannan na Allah ne. Akwai waɗanda aka bayyana, waɗannan namu ne da 'ya'yanmu, domin mu aikata. Ku riƙe wannan rabon, zan dawo kansa.

Yanzu ga 'yan'uwana matasa da suka karanta littattafai biyu suka ga kamar su ne za su kashe wutar: wannan gardama ta girmi kakan kakanku, kuma a nan Afirka ta fara zafi. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, shi ya kara da Felajiyus a kan alheri da ikon mutum, har taron Kartej na shekarar 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus. Bayan shekara fiye da dubu, Irasmus ya yi rubutu a kan 'yancin zaɓi a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani mai zafi a 1525. Shi kansa Jon Kalbin da ake jingina koyarwar zaɓe gare shi ya gargaɗi masu karatunsa cewa wanda ya shiga wannan zance da ƙwaƙwa, ya wuce inda Maganar Allah ta tsaya, zai faɗa cikin hanyoyi masu ruɗarwa da ba zai ga mafita ba. Almajiransa na Kaduna ne dai ba su kai wannan shafin ba.

Ku dubi abin da ya faru da aka ce sai an yanke hukunci ko ta halin ƙaƙa. A ƙasar Holan, mabiyan Arminiyus suka miƙa ƙorafinsu a 1610. Aka kira babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, aka kayar da su, aka tuɓe fastocinsu wajen 200. Da yake siyasa ta shiga ciki, dattijon ƙasar da ya tsaya musu, Oldenbarnevelt, aka fille masa kai a watan Mayu 1619 yana da shekara 71. An ci taron, amma gardamar ba ta mutu ba. Ga ta nan a Kamazou bayan shekara 400.

Ku dubi kuma wata hanyar. A cocin Katolika, 'yan Dominikan da 'yan Jesuwit sun yi irin wannan faɗa a kan yadda alherin Allah ke aiki tare da 'yancin mutum. Aka kafa kwamiti a Roma, aka shafe kusan shekara goma ana zama. A 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami kowa ba tare da ya ba wani gaskiya ba. Ya ce kowane ɓangare ya ci gaba da koyar da nasa, amma an hana wani ya kira wani ɗan bidi'a. A Ingila, Jon Wesli, uban 'yan Metodis, da abokinsa Joj Witfild sun saɓa sosai a kan zaɓe tun wajen 1740, har aikinsu ya rabu biyu. Da Witfild ya rasu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kuma shi marigayin ne ya so haka tun yana da rai.

Mu ma nan gida haka muka gaji abin. 'Yan'uwanmu na NKST da CRCN sun fito daga gidan da ke riƙe da hukuncin Dort. 'Yan Metodis sun fito daga gidan Wesli. A cikin ECWA da Baptis za ka sami fastoci masu wannan ra'ayi da masu wancan, wani lokaci a gunduma ɗaya. Da 'yan bindiga suka zo, ba su tambayi kowa ko shi na Kalbin ne ko na Arminiyus ba.

Tarihin aikin SIM a ƙasar nan ma da wannan tambayar ya fara. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shigowa arewa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara ɗaya Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, ta hannunsa aikin SIM ya tsaya, daga ciki aka haifi ECWA a 1954. Me ya sa shi, ban da su? Dakta Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi, wanda Afirka duka ke sa ran zai daɗe yana jagorantar ilimin tauhidi, ruwa ya ci shi a gaɓar tekun Kenya a watan Disamba 1975 yana da shekara 39. Wa zai tashi ya ce ya san dalili?

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Wannan ai lalaci ne. Duk wanda tambaya ta fi ƙarfinsa sai ya ce asiri ne ya gudu." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don haka bari in amsa.

Da farko, kalmar asiri tana da fuska biyu a Hausa. Akwai asirin boka, wanda ake ɓoyewa domin a cuce ka, kuma in ka biya kuɗi za a tona maka. Da yawa daga cikin masu "gani" da ke cika unguwanninmu, irin wannan suke sayarwa da sunan annabci: kawo baiko in gaya maka wanda ya kashe ɗanka. Asirin Allah ba haka yake ba. Abu ne da ya fi ƙarfin kanmu, kamar yadda uba ke riƙe ɗansa mai shekara biyu a yi masa allura, yaron na ihu, ba kuma yaren da za a yi masa bayani ya gane. Uban bai ɓoye masa komai don mugunta ba. Kan yaron ne bai kai ba tukuna.

Na biyu, "ban sani ba" iri biyu ce. Akwai ta wanda bai buɗe littafi ba, akwai ta wanda ya karanta har ya iso bakin kogi ya ga ruwan ya fi ƙarfin iyo. Ta farko jahilci ce, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ta biyu ita nake nufi. Ka yi karatu, ka je Kagoro, ka je Bukuru, ka je Jos, ka riƙe ra'ayinka, ka kare shi da ayoyi. Ba wanda ya ce ka zama marar matsayi. Amma ka san inda Littafi ya yi shiru, kai ma ka yi shiru a wurin.

Na uku, akwai abubuwan da muka sani sarai, kuma ba ma sassautawa a kansu. Mun san Allah yana mulki, ba abin da ke zo masa ba zato. Mun san ba shi ne mawallafin mugunta ba. Mun san mutum zai amsa abin da hannunsa ya aikata. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa a Farawa 50 cewa su mugunta suka nufa, Allah kuma alheri ya nufa, a cikin abu guda. Bitrus a ranar Fentikos ya ce bisa ga shirin Allah aka ba da Yesu, a numfashi guda kuma ya ɗora wa masu sauraronsa alhakin kashe shi. Littafi ya ajiye gaskiyar nan biyu gefe da gefe kamar layin dogo. Yadda suke haɗuwa, nan ne iyakarmu. Duk wanda ya cire ƙarfe ɗaya domin lissafinsa ya fita daidai, jirgi zai kayar.

To yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Mun juya rabon nan na Maimaitawar Shari'a kai a ƙasa. Abin da Allah ya ɓoye, shi muke rantsuwa mun sani. Abin da yake a fili kuwa, wanda ya kamata mu bincika mu tambaya mu gyara, shi muke rufewa da "nufin Allah ne".

Ku lissafa da ni. Ranar 11 ga Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka. Ranar 20 ga Afrilu, Greenfield. Ranar 5 ga Yuli, Bethel. Makarantu uku a kewayen birni ɗaya cikin wata huɗu. Bayan an tafi da yaran Bethel ne aka ba da umarnin rufe makarantu 13 da aka ce suna cikin haɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Me ya sa yaro kaza ya dawo, yaro kaza ya daɗe, wannan na Allah ne. Amma me ya sa makarantar kwana ke bakin daji ba isasshen tsaro bayan gargaɗi biyu, wannan ba asiri ba ne. Tambaya ce mai amsa, kuma akwai masu cin albashi domin su amsa ta.

Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka tafi da wasu, na ƙarshe 23 ba su fito ba sai watan Oktoba. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya fito da bakinsa ya ce tun kafin harin ya nemi a sayi na'urorin sa ido a kan layin, ba a amince ba. Wannan a wane shafi na ƙaddara za mu ɓoye shi? Ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka sake kwashe yara a Kuriga, cikin Chikun ɗin nan tamu, yawancinsu 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Hawayen uwa ba shi da ɗarika.

Haka abin yake a ƙananan al'amura. Mace ta mutu wurin haihuwa saboda ba jini a asibiti, a ce kwana ne ya ƙare. Direba ya kwankwaɗi abin da ya kwankwaɗa ya tashi da mutane a kan titin Yakowa, a ce tsautsayi ne. Mai gini ya rage siminti bene ya rufta, a ce haka Allah ya so. Haba jama'a! Sunan Allah ya zama bargon rufe sakaci?

Bulus ɗin nan dai, a Ayyukan Manzanni 27, yana cikin jirgin ruwa guguwa ta taso. Allah ya riga ya tabbatar masa ba ran da zai salwanta. Duk da haka da ya ga matuƙan jirgin suna shirin sulalewa, sai ya gaya wa jarumin sojan cewa in mutanen nan suka tafi ba wanda zai tsira. Bai ce tunda an ƙaddara, a bar su su tafi ba. Nehemiya da ake barazanar kawo masa hari yana ginin garu, addu'a ya yi, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Hausawa ma sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Maƙwabtanmu na ƙetaren kogi sun san wannan zance, kalmar ƙaddara ma daga Larabci muka same ta. Su ma malamansu sun sha fama tsakanin Jabariyya masu cewa mutum ba shi da zaɓi da Ƙadariyya masu cewa duk a hannunsa yake. Suna da labarin Halifa Umar da ya nufi Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Imani da ƙaddara bai hana shi ɗaukar mataki ba. Mu da su, in muka bar masu mulki suna yi mana ta'aziyya da "sai haƙuri" a maimakon bayani, mu muka so.

Me nake roƙo ke nan? Abu huɗu ne.

In ka je gidan makoki, ka bar tauhidinka a bakin ƙofa tare da takalminka. Ka zauna. Ka kawo abinci, ka ɗebo ruwa, ka riƙe yara. In uwar ta dube ka ta ce, "Me ya sa nawa?", ka ce, "Mama, ban sani ba. Amma Ubangiji yana nan, mu ma muna nan." Yesu da ya san zai ta da Li'azaru cikin 'yan mintoci, da ya iso wurin kuka ya yi. Zumuntar mata sun fi mu gane wannan. Su ne ke kwana a gidan, su ne ke hura wuta, ba ka jin suna jawo Romawa 9.

In Allah ya kuɓutar da kai ko naka, ka ba da shaida, ka yi rawa, ka kawo godiya, hakkinka ne. Amma ka ce jinƙai ne aka yi maka. Kada ka mai da shi lada. Ka tuna akwai mai sauraronka da addu'arta ba ta gaza taka ba.

Fastocinmu da dattawa, ku ba matasa wuri su yi tambaya, ku koya musu ɓangarorin biyu da adalci, ku kuma bari su ji ku kuna cewa "nan ne iyakar abin da aka bayyana". Yaron da bai taɓa jin fastonsa ya faɗi haka ba, ranar da masifa ta zo bayanin da aka ba shi ya kasa ɗaukarta, bangaskiyar gaba ɗaya yake zubarwa. Mun ga irinsu, sun daina zuwa sujada, ba kuma don sun ƙi Allah ba. An yi musu alkawarin da Allah bai yi ba ne.

Sannan duk ƙarfin da muke zubawa a kan abin da aka ɓoye, mu juya shi kan abin da aka bayyana. Mu tambayi kansila, mu tambayi shugaban ƙaramar hukuma, mu tambayi 'yan majalisa ina aka kwana a kan tsaron makarantu da asibitocin unguwa. Mu tambayi hukumomin makarantun ikilisiyoyinmu ma, kada mu tsallake namu. Mu san gwauraye da marayun da ke layinmu. Wannan ba ya buƙatar a warware gardamar Dort kafin a fara.

Kai mai cewa Allah ne ya zaɓe ka, to ka nuna da tawali'u, domin ba da ƙoƙarinka ba ne. Kai mai cewa kai ne ka amsa kira, to wa ya ba ka kunnen ji? In kun durƙusa yin addu'a domin ɗan'uwanku da ya bauɗe, dukanku abu ɗaya kuke roƙo, Allah ya taɓa zuciyarsa. In kun fita bishara kuma, dukanku abu ɗaya kuke faɗa, ka tuba ka ba da gaskiya. Ashe a gwiwa da a bakin aiki kun riga kun shirya, a baki ne kawai ya rage.

Allah ya ta'azantar da duk gidan da aka yi rashi. Waɗanda ke daji har yanzu, Kirista da Musulmi, Allah ya dawo da su lafiya. Mai ƙari ko gyara, bismilla, amma a yi da ladabi, domin akwai masu makoki a cikin masu karantawa.